Mako 8 a shirin gyaran barci ta waya: abin da ya yi wa damuwata da inda ya bar ni ni kaɗai

Wata 14 na yi ina farkawa ƙarfe 3 na dare da 'yan mintuna. Babu ƙararrawa, babu kukan yaro, babu motsin kowa a gidan. Ido ne kawai zai buɗe tar kamar an kira sunana, daga nan kuma barci ya yi sallama sai wani daren. Abin ya samo asali ne daga jinyar mahaifiyata. Wata 4 ina kwana a kan kujera a gefen gadonta, kunnena na kan numfashinta, da ta motsa na zabura. Allah ya karɓi abarsa, masu ta'aziyya suka watse, kowa ya koma harkarsa, amma jikina ya ƙi yarda cewa jinya ta ƙare.

Wata 7 bayan rasuwar, likita ta ce mini cutar damuwa ce ta kama ni, ta ɗora ni a kan maganin damuwa na rukunin da ake kira SSRI. Maganin ya yi aikinsa daidai gwargwado. Kukan da ke zuwar mini ba shiri ya ragu, na koma iya amsa waya idan an kira. Barci kuwa ko gezau. Da na koma wajenta bayan wata 3 na ce, "Likita, ai ni na ɗauka in damuwar ta sassauta, barcin zai dawo da kansa." Ta ajiye biro ta dube ni ta ce, "Mu ma haka muka daɗe muna zato. Yanzu an gane kowannensu ciwo ne mai zaman kansa, kuma kowanne yana ciyar da ɗan'uwansa. In muka ƙyale rashin barcin nan, shi zai yi ta jawo ki baya." Ta mayar mini da shan maganin zuwa safiya, domin irinsa yakan hana wasu barci in an sha da dare, sannan ta ba ni shawarar shirin da zan yi magana a kansa.

Shiri ne na mako 8 da ake yi ta waya. Akwai manhaja da mutum zai riƙa cike bayanin barcinsa kowace safiya, akwai darasi ɗaya gajere a mako, da Turanci mai sauƙi, sai kiran bidiyo na minti 20 da mai horarwa, shi ma sau ɗaya a mako. Ba zan kama sunan masu shi ba. Irinsa suna da yawa yanzu, kuma kusan duk a kan hanya ɗaya aka gina su, wadda likitoci ke kira CBT-I, wato gyaran tunani da ɗabi'a domin magance rashin barci. Tun 2016 babbar ƙungiyar likitocin manya ta Amurka, ACP, ta ce wannan hanyar ya kamata a fara gwada wa mai daɗaɗɗen rashin barci kafin a kai ga ƙwaya. Ni kuwa na riga na gwada ƙwayar barci na 'yan makonni. Tana kwantar da ni, amma in tashi kaina ya yi dum, kuma daren da na daina ko runtsawa ban yi ba.

Tambayoyin shiga ne suka fara sa na yarda da su. Kafin su karɓe ni sai da suka tambaya ko ina da farfaɗiya, ko an taɓa ce mini ina da ciwon baifola, wanda ke ɗaga mutum sama ya sake jefo shi ƙasa, ko maigidana ya taɓa jin ina minshari har numfashina ya ɗauke, ko aikina na tuƙi ne ko na sarrafa inji. Wanda ya amsa e, sai ya fara ganin likita. Daga baya na gane dalilin: shirin yana rage wa mutum lokacin kwanciya ne da gangan, ƙarancin barci kuwa yana iya tayar da farfaɗiya, yana iya tunzura mai baifola. Sun kuma rubuta ɓaro-ɓaro cewa kada kowa ya ajiye maganin likitansa don ya shiga shirin. Sai gwaji biyu. Na barci sunansa ISI, tambaya 7, maki daga 0 zuwa 28, kuma daga 22 ake cewa abin ya yi tsanani. Na samu 23. Na damuwa sunansa PHQ-9, tambaya 9, maki daga 0 zuwa 27. Na samu 17.

Makon farko ba a ce in canza komai ba, rubutu kawai. Yaushe na hau gado, minti nawa na ɗauka kafin barci ya ɗauke ni, sau nawa na farka, yaushe na sauko. An hana ni duba agogo cikin dare, sai dai in kimanta da safe. Aikina lissafi ne, don haka da ƙididdiga ta fito ban iya musa ta ba. Ina hawa gado ƙarfe 9:30 na dare, ina saukowa 6:30 na safe, awa 9 ke nan. A ciki barcin da nake yi awa 5 ne da minti 10. In ka raba, kashi 57 cikin 100. Kusan awa 4 a kowane dare ina kwance ido biyu, ina juyi, ina tufka da warwara. Ban ma sa na Asabar da Lahadi ba, da nakan wuni a gadon labule a sake.

A kiranmu na farko mai horarwar ta nuna mini wannan lissafin ta ce, "Malama, daga gobe ba za ki hau gado ba sai 12:30 na dare, kuma ƙarfe 6:00 za ki sauko, ko kin yi barci ko ba ki yi ba. Babu ramuwa da rana." Na ce, "Malama, ni da na zo neman ƙarin barci, ragewa za a yi mini?" Ta ce ba barcin za a rage ba, zaman jiran barci za a rage. Duk makon da na kai kashi 85 cikin 100, za a ƙara mini minti 15.

A nan ne ta kawo bayanin da har yau nake gani shi ne mafi amfanin abin da na samu a shirin gaba ɗaya. Wani masanin barci Ba'amurke, Arthur Spielman, wanda ya gabatar da wannan dabara ta taƙaita lokacin kwanciya a 1987, ya kasa dalilan rashin barci gida uku. Akwai abin da ke jikin mutum tun asali, kamar ni da ko ganye ya faɗi sai na farka tun ina yarinya. Akwai abin da ya tayar da shi, wato jinya da rashi. Sai na uku, abin da ke raya shi bayan dalilin farko ya wuce: kwanciya da wuri don a kama barci, daɗewa a gado da safe, ramuwa da rana, soke fita saboda gajiya. Da ta lissafa su sai na ji kamar tana karanta rayuwata ne, domin duk abin da ta ambata cutar damuwa ce ke tura mutum gare shi. Mai damuwa ba shi da mafaka kamar gado. Can nake gudu in na kasa haɗa ido da 'ya'yana, can nake gudu in baƙi sun zo. Ashe kowace awa da na yi a kansa ido biyu tana koya wa ƙwaƙwalwata cewa nan wurin tunani ne da fargaba. Damuwa ta kai ni gado, gadon ya kashe barci, rashin barcin ya ƙara wa damuwar nauyi washegari, ita kuma ta sake mayar da ni gadon tun kafin rana ta faɗi. Shirin nan mafakar ce yake raba mutum da ita. Nan ƙarfinsa yake, nan kuma zafinsa yake, kuma tallarsu ba ta faɗi na biyun ba.

Daga 9:30 zuwa 12:30 awa 3 ne, amma ban taɓa sanin tsawon awa 3 ba sai a lokacin. Yara sun yi barci, gida ya yi tsit, ni ina zaune a falo kan kujerar katako, domin in na zauna a mai laushi gyangyaɗi zai kwashe ni ya ɓata lissafi. Na goge kayan makarantar yara har waɗanda ba su buƙatar guga. Na warware akwatin tufafin mahaifiyata da na kasa taɓawa wata 10, na ninke su ɗaya bayan ɗaya, ƙamshinta na nan a jikin wani mayafi. Maigida ya ga halin da nake ciki, sai ya fara zama da ni, yana karatunsa ina nawa aikin, wani lokaci in ɗago in ga littafin ya faɗo masa a ƙirji. In ce, "Maigida, je ka kwanta, gobe kana da aiki." Ya ce, "Ke ma ai kina da shi." Da rana kuwa a ofis lambobi na rawa a idona, sai na bi lissafi ɗaya sau uku. Na daina tuƙi gaba ɗaya a makonnin nan, kuma ina ba duk mai shiga shawarar ya yi haka.

Kwanakin nan damuwata ƙaruwa ta yi, ba raguwa ba. Dole in faɗi wannan a fili. A dare na 9 na zauna a ƙasan kicin ina kuka mara sauti, ina jin babu amfanin komai. Washegari ranar sake cike PHQ-9 ce, tunda duk mako 2 ake maimaitawa. Tambaya ta ƙarshe tana tambayar ko mutum ya riƙa jin gara a ce ya mutu, ko tunanin cutar da kansa. Na daɗe ina kallonta, sannan na danna "wasu ranaku". Karo na farko ke nan da na gaya wa wani wannan, ko da kuwa na'ura ce.

Abin da ya biyo baya shi ne babban ƙorafina a kansu. Wani akwati ya buɗe a fuskar wayar, ɗauke da rubutun da aka tanada wa kowa: in kina cikin haɗari ki kira lambar gaggawa ko ki je asibiti mafi kusa. Na danna na rufe, manhajar ta ci gaba zuwa darasin ranar kamar ba a yi komai ba. Babu wanda ya kira ni, babu wanda ya turo saƙo, sai bayan kwana 4 da lokacin kiranmu ya zo. Mai horarwar ta nuna kulawa sosai a ranar, ta yi mini tambayoyi a natse, ta sa na yi mata alkawarin ganin likitata cikin makon, kuma na je. Amma kwana 4 sun yi yawa ga wanda ya amsa tambayar nan da gaskiya. Masu shirin sun san da yawa daga cikin masu zuwa musu da rashin barci suna ɗauke da damuwa, shi ya sa suke yin gwajin tun farko. Sun san kuma makonnin farko su ne masu tsanani. In za ka tambayi mutum irin wannan tambaya, to ka tanadi ɗan Adam da zai neme shi a ranar. Ni Allah ya taimake ni na kira yayata da daren, na gaya mata abin da na danna. Ba ta yi mini wa'azi ba, ba ta firgita ni ba. Cewa ta yi, "Ƙanwata, kada ki kashe wayar, ina jin ki," muka yi ta magana har lokacin kwanciyata ya yi. Duk wanda irin wannan tunanin ya zo masa, kada ya jira manhaja. Ya gaya wa wani nasa a daren, ya ga likita washegari, in kuma abin ya matsa ya tafi asibiti a take.

A dare na 11 na kwanta 12:30, ban san lokacin da barci ya sace ni ba, sai ƙararrawar 6:00 na ji. Na zauna a bakin gado ina mamaki, na ɗauko wayar na sake duba lokacin. Ƙarfe 3 ta zo ta wuce ban sani ba, karo na farko cikin fiye da shekara. Ba kowane dare ya zama haka daga nan ba, amma an fasa ƙwai. Darasin makon ya bayyana dalili da kyau: akwai wani sinadari, adinosin, da ke taruwa a ƙwaƙwalwa gwargwadon daɗewar mutum a farke, shi ne ke sa nauyin ido. Gyangyaɗin rana da kwanciyar wuri suna zubar da shi kaɗan-kaɗan, sai dare ya yi babu abin da zai riƙe mutum har safe. Shi ne kuma sinadarin da kafin, wanda ke cikin kofi da shayi, yake toshe wa hanya, kuma rabin abin da aka sha yakan kai kimanin awa 5 bai bar jiki ba.

Sauran dokokin ba su da yawa. Asalinsu daga wani masani ne, Richard Bootzin, tun 1972: kada a hau gado sai an ji barci, in an yi kamar minti 20 bai zo ba a tashi a koma wani ɗaki, a dawo in ido ya yi nauyi, lokacin tashi kuma ɗaya ne kullum. Suka ƙara da fita cikin hasken safiya na minti 20 ko 30 don saita agogon jiki. Wannan fitar na raina da farko, amma ita ce ta fara taɓa damuwar kai tsaye. Wadda ta yi wata da watanni labule a sake, ga ta a waje kullum ƙarfe 6:30 tana tafiya, ana gaishe ta tana amsawa.

A mako na 5 na lura da abin da ba ya cikin jadawalinsu. 'Yata ta kifar da kofin ruwa a kan takardun aikina, na ji raina ya ɓaci, na ɗauko tsumma na goge, shi ke nan. Da wata biyu baya ne, da na yi mata tsawa, in shige ɗaki in wuni ina zagin kaina a matsayin uwar da ba ta iya komai ba. Na ba mai horarwar labari, ta ambaci wani gwaji na 2007 da Matthew Walker da abokan aikinsa suka yi a Amurka. An hana matasa barci kimanin awa 35, aka nuna musu hotuna masu tayar da hankali ana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu. Sashen da ke kula da tsoro da fushi, amigdala, ya yi tsalle da kusan kashi 60 cikin 100 fiye da na waɗanda suka yi barcinsu, alaƙarsa da sashen gaban kai mai taka masa birki kuma ta yi rauni. Na daɗe ina ɗaukar saurin fushina da saurin karayata a matsayin halina ne ya lalace.

Wannan ya sa na shiga karatu da kaina a awannin jiran nan na dare, kuma abin da na gani ya girgiza ni. Tun 1989 wasu masu bincike biyu, Ford da Kamerow, suka bi mutum kusan 8,000 a Amurka tsawon shekara guda, suka ga waɗanda rashin barcinsu ya ɗore sun fi faɗawa sabuwar cutar damuwa nesa ba kusa ba, idan aka kwatanta da waɗanda nasu ya warware. A Jami'ar Johns Hopkins an bi ɗaliban likitanci maza 1,053 har kimanin shekara 34, waɗanda suka yi fama da rashin barci suna ɗalibai suka ninka sauran wajen kamuwa da damuwa daga baya. A 2011 Chiara Baglioni da tawagarta a Jamus suka tattara bincike 21, amsar ta sake fitowa haka: ninki biyu. Wato sau da yawa rashin barcin ne ke riga damuwar isowa, wani lokaci da shekaru. Shi ya sa a 2013 littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke dogara da shi, DSM-5, ya daina raba rashin barci zuwa na asali da na rakiya. In ya kai dare 3 a mako har wata 3, yana kuma ɓata wa mutum wuni, ciwo ne a karan kansa, ko da akwai damuwa tare da shi. Na tuna watannin nan 7 da na yi bayan rasuwar ina cewa zai wuce. Ban san ko da an kama barcin tun lokacin da damuwar ba ta kai inda ta kai ba, amma tunanin yana yawan zuwar mini.

Shin gyara barcin yana rage damuwar? Akwai hujja mai ƙarfi, amma ba ta kai yadda tallarsu ke nunawa ba. A 2017 Daniel Freeman na Jami'ar Oxford ya jagoranci gwaji kan ɗalibai 3,755 a jami'o'i 26 na Birtaniya, da irin wannan shiri na intanet, barcinsu ya gyaru, alamun damuwa da fargaba ma suka ragu. A 2022 Michael Irwin a Kalifoniya ya wallafa sakamakon dattawa 291 masu shekara 60 zuwa sama, duk masu rashin barci. Cikin shekara 3, kusan kashi 12 na waɗanda aka yi wa CBT-I ne damuwa ta kama, a ɗaya ɓangaren da aka ba ilimin barci kawai kuwa kusan kashi 26. Sai dai wani babban gwaji a Ostareliya a 2016, mai mutum 1,149, ya ga alamun damuwa sun ragu amma bai ga bambanci ba a yawan waɗanda cutar ta kama sosai. Ga wadda cutar ta riga ta kama kamar ni, shirin abokin tafiyar magani ne da ganin likita. Ina jin tsoron wani ya karanta tallar nan mai cewa barci zai dawo maka da farin ciki, ya ɗauka ya samu abin da zai maye gurbin asibiti.

Na ga iyakarsa da idona a darasin mako na 6. An ce in ware minti 15 da yamma in rubuta abin da ke damuna a gefe ɗaya na takarda, a ɗaya gefen in rubuta matakin da zan ɗauka, don kada in tafi da su gado. Ga rahoton ofis da na makara da shi, dabarar ta yi aiki sarai. Amma abin da ke tashe ni ƙarfe 3 ba rahoto ba ne. Na rubuta "ina kewar Innata", na rubuta "ko na yi sakaci a daren ƙarshe", na zauna ina kallon gefen da ake son in cike da mataki. Wane mataki? Darasin mai fara'a ne, da zanen wata da taurari, an gina shi don mai tunanin gobe, ba don mai makokin jiya ba. Mai horarwar ta yi gaskiya, ta ce wannan ya fi ƙarfin aikinta, in kai wa likitata. Likitar ce ta haɗa ni da mai ba da shawara kan jimamin rashi, kuma can ne tambayar nan ta biyu ta fara samun amsa.

Akwai ƙananan abubuwa ma. A mako na 7 aka canza mini mai horarwa ba sanarwa, na buɗe kira na ga baƙuwar fuska, rabin mintuna 20 ɗin ya tafi wajen sake ba da labarin jinya da rasuwa. Manhajar tana turo tunatarwa ƙarfe 10 na dare, alhali su suka ce a nisanci waya a lokacin, sai da na kashe da kaina. Jadawalin kuma yana shafa wa daren da bai yi kyau ba jan launi, mai damuwa kuwa ba ya buƙatar a fara masa safiya da alamar faɗuwa. Mai horarwar farkon ta ce in daina kallon dare ɗaya-ɗaya, in jira jimillar mako, hakan ya taimaka.

A mako na 8 ina kwanciya 11:30, ina tashi 6:00, ina barcin awa 5 da minti 55 a cikin awa 6 da rabi, kashi 91 cikin 100. Mai lissafi zai ga minti 45 kacal aka ƙara a kan inda na faro. Amma wancan tsinke-tsinke ne a cikin awa 9 na azaba, wannan kuwa dunƙule ne. ISI ya sauko daga 23 zuwa 9. PHQ-9 ya sauko daga 17 zuwa 10, wato damuwar tana nan, ta dai sassauta, kuma ba zan iya ware nawa ne na barci, nawa ne na magani, nawa ne na fitar safiya da mai ba da shawara ba. Tambaya ta 9 kuwa tun mako na 5 nake danna "ko kaɗan".

Ga wanda rashin barci ya daɗe yana damunsa kuma ya fara jin zuciyarsa na yin nauyi, ina cewa ya nemi irin wannan shiri da wuri, ya fi ƙwaya ɗorewa a wurina. Ga wanda damuwar ta riga ta kama, ya shiga da sanin likitansa, ya zaɓi mai ɗan Adam a ciki ba manhaja zalla ba, kuma kafin ya yi rajista ya tambaye su kai tsaye: in na amsa tambaya ta 9 da e, wa zai kira ni, kuma cikin awa nawa? Ya kuma sami wani a gida da ya san makonni 2 na farko za su yi wuya. Wanda damuwarsa ta kai ba ya iya tashi ya yi wanka, ko tunanin mutuwa ya zauna masa, a ganina ba lokacin wannan ba ne tukuna, asibiti ne gaba.

Kwana 10 bayan na kammala, mahaifiyata ta cika shekara da rasuwa, ƙarfe 3 ta dawo dare 5 a jere. Wannan karon ban kwanta ina jira ba. Na tashi na koma falo da mayafinta, na zauna har ido ya yi nauyi, na sauko 6:00 kamar kullum, na mayar da lokacin kwanciya 12:00 na mako guda. A dare na 6 ya wuce. Yanzu wata 4 ke nan da gamawa, ina kwanciya 11:00, na daina biyan manhajar, ina rubutun a ƙaramin littafi da ke gefen gado. Ina nan a kan maganina. Wata mai zuwa zan koma wajen likita mu duba ko lokacin fara rage shi ya yi, ta ce in tafi mata da littafin.